Ba da Sunan Munzali Ba

Zuwa ga Yaya Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da duk mutanen Fassi. Yaya damina? Ni a nan Doha lafiya lau; koyarwa ta cinye mini yini, haka kuma nake so. Sai dai har yanzu in aka kunna ƙwallo a ofis, nakan tashi in fita.

Na sami saƙonka cewa masu neman gwamnati ta gina wa ƙungiyar ƙwallo filin wasa a Rano suna son sa masa sunan ɗana Munzali. Ka yi musu godiya, ka ce ban amince ba.

Munzali bai rasa fili ba, a fili ya faɗi yana buga ƙwallo. Motar asibiti ya rasa, har ya cika a cikin a-daidaita-sahu. Na karɓi ƙaddara, amma ba da sunansa za a zuba kuɗin jama'a a siminti ba. Ƙungiyar ta nemi 'yan kasuwa su gina mata.

Gwamnati kuwa ta sayi motar asibiti; in an saye ta, a rubuta sunansa a jikinta da manyan baƙaƙe.

Ka riƙa leƙa mahaifiyarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Khalid