Hannun Da Ya Ba Shi Abinci

Phitsanulok, farkon damina

Zuwa ga Yayata Duan,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya shagon ɗinki, yaya ciwon gwiwar nan?

Na ga saƙonki kan ɗakin saman shagon, da makarantar da kika samo wa 'yata Namfon a Chiang Mai. Yaya, ji nake kamar in yi tsuntsuwa in zo. Tun da mijina Chalerm ya tafi aiki Taiwan nake tsare a gidan uwarsa, alhali ga 'yarta Malai a gidan da ke bayan namu, ba a rasa mai kula da ita ba.

Sai ga wata sabuwa. Ɓarayi sun shiga wa maƙwabcinmu, Chalerm ya aiko a sayi kare. Mai kiwon ya nuna mana iri biyu. Lang-an, mai layin gashi a gadon baya, kowa ya ba shi abinci ci yake, sai dai katanga ba ta tsare shi. Bangkaew kuwa, mai gashi buzu-buzu, hannun da ya ciyar da shi yana ƙarami kaɗai ya sani.

Na ce Lang-an. Surukata ta ce, "Me za mu yi da mai yawon gantali? Ai muna da irinsa a Taiwan. Mai gashin za a ɗauko, kuma ke za ki riƙa ba shi abinci, Saichon, ni bayana ba ya sunkuyo."

Na gane ta sarai. Ba gadi take nema ba, turke take nema mini.

Ƙanwarki,
Saichon

Phitsanulok, tsakiyar damina

Yaya Duan,

Ina gaishe ki, ina gaida yaran shago. Da fatan ruwa bai shigar muku ba.

An kayar da ni, Chalerm ya bi bayan uwarsa. Bangkaew ya iso, an sa masa suna Mek. Amma ni ma ba a banza nake ba. Ko kansa ban taɓa shafawa ba. Nakan cuɗa shinkafa da kifi, in miƙa wa Namfon kwanon in ce, "Kai wa ɗan gwal ɗin kakarki." Ita ko murna, har a kafaɗa take yawo da shi. Tsohuwa sai kallonmu take tana taunar ganyenta.

Ki riƙe mana ɗakin. Ana yin hutu za mu taho.

Taki,
Saichon

Phitsanulok, bayan girbi

Yayata,

Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya lau, zuciyar ce dai.

Makarantarsu Namfon ta kai su zangon ɗalibai na 'yan kwanaki. Tun da ta fita Mek ya kwanta a ƙofar ɗakinta ya ƙi abinci. Malai ta matsa masa, ya kafta mata cizo. Ni da na yi ta gudunsa, har durƙusawa na yi da gasasshen kifi ina lallashi, ko kallona bai yi ba. Yarinya na dawowa ya lashe kwano tas.

Na gaya mata zancen tafiya, na ce mai gidan da kuke haya ba ya yarda da kare, balle mai cizon baƙi. Ta rungume wuyansa ta ce, "Mama, in na tafi mutuwa zai yi. Ke ki je, mu muna nan."

Yaya, ni na ɗora kwanon nan a hannunta. Igiyar da na kauce wa, 'yata na ɗaura wa da kaina, kuma kin san ba inda zan je ba ita. Baƙin cikin abin ya ishe ni. Ranar, surukata har ƙarin kifi ta sa wa Mek.

Ki ba wata ɗakin, kada ya zauna haka.

Lang-an ɗin da muka bari, mai gyaran babur na ƙarshen layi ne ya saye shi. Kullum da safe sai ya tsallake katangarsu ya bi ta ƙofar gidanmu. Mek ya yi ta haushi daga ciki, ni kuwa in tsaya riƙe da tsintsiya ina kallonsa har ya sha kwana.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Saichon