Abin da Sista Etelka Ta Tambaye Ni

Laraba, 14 ga Maris, 1973
Jiya aka binne Sista Etelka a maƙabartar Kiristoci ta Kano. Ban je ba. Malam Gwadabe, mai ba da magani a asibitinmu na Gaya, shi ya wakilce mu. Ya ce mutum bakwai ne a bakin kabarin.
Shekara goma sha biyu ina karɓar haihuwa a ƙarƙashinta.

Asabar, 17 ga Maris
Na share ɗakinta. Tattasan da ta shanya yana nan rataye a jikin bango, irin na ƙasarsu Hungari, wanda ta ce ta fito da irinsa a cikin safa lokacin da suka gudu a 1956. Ga farar rigarta mai jan ɗinki da take sawa sau ɗaya a shekara, ta kunna kyandir ta zauna ita kaɗai, ranar ko asibiti ba ta leƙawa. Mijinta ya mutu a yaƙin da ya sa suka gudu. 'Yarta kuma a hanya, zazzaɓi. Sau ɗaya tak ta taɓa faɗa mini wannan.
Kajinta sai bina suke yi. Da yaren ƙasarsu take musu magana. Na taɓa yi mata dariya, ta ce, "Hansai, in ban yi da kaji ba, da wa zan yi? Harshe ma yana mutuwa."

Litinin, 26 ga Maris
Da azahar na ji takun takalminta a ɗakin ajiya. Na leƙa. Kwalabe kawai.

Talata, 3 ga Afrilu
Gara in rubuta, ko zan samu sauƙi.
Kwana huɗu kafin a ɗauke ta zuwa Kano, Hausa ta ɓace mata, Turanci ma haka, sai yarensu. Ta riƙe mini hannu tana maimaita magana ɗaya, tana kallona, tana jiran amsa. Ni kuwa sai "To, Sista, to" nake cewa. Daga baya na zare hannuna na tafi duba wata mai naƙuda. Da na dawo ta juya fuskarta bango. Ba ta ƙara magana da ni ba.
Yadda kunnena ya ji: kishlanyom, haza-ertunk.
Wasiyya ce? Ruwa take so? Ko wani laifi na yi mata?

Alhamis, 10 ga Mayu
Haihuwa mai wuya a Toranke, jaririn ya zo da ƙafa. Ina cikin juya shi na ji kamar Sista tana tsaye a bayana, har ƙamshin sabulunta. Uwa da ɗa sun tashi lafiya. Kakar yaron ta ce, "'Yar nan, da wa kike magana ɗazu?" Ashe kalmomin nake ta furtawa.

Juma'a, 8 ga Yuni
Ba na iya cin abincin da aka sa wa tattasai.

Litinin, 16 ga Yuli
Malam Gwadabe ya lura na rame. Na gaya masa. Ya ce in yi ta addu'a, mamaci ba ya dawowa, wannan na sani. Sai ya ƙara da cewa ya ji an kawo wani likitan ƙashi ɗan ƙasarsu Kano. "Ki je ki tambaye shi, Malama Hansai. Ko zagi ne, gara ki sani."
Abin da nake tsoro ke nan.

Alhamis, 2 ga Agusta
Na je. Na jira shi tun safe har ya gama ganin marasa lafiya. Dattijo ne mai sanƙo, wani ma'aikaci ya yi mana tafinta. Ya duba takardar da na rubuta kalmomin bai gane ba, ya ce in faɗa da baki. Na faɗa. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.
Ya ce ma'anarsa, "'Yata ƙarama, mun iso gida?"
Ya tambaye ni ko tana da 'ya a nan. Na ce a'a.
Ya ce, "To, me kika ce mata?"
Na naɗe takardata, na yi masa godiya, na fito.

Lahadi, 5 ga Agusta
Ban gaya wa kowa ba, amma ranar nan kafin in hau motar Gaya na bi ta maƙabartar. Mai gadi ya nuna mini wurin. Ciyawa ta fara fitowa duk da ƙarancin ruwan bana, kuma a allon kabarin an rubuta sunanta ba daidai ba. Na cire ciyawar. Ban san abin da ake yi a irin wurin nan ba, na tsaya kawai.
Niyyata in ce mata Sista, ki yafe mini. Abin da ya fito daban.
Na ce, "E, Inna, mun iso."
Ban san daga ina Innar ta fito ba. Gajiya ce, ina jin.
Gobe zan sa a gyara allon.