Likitan da Ya Ga Ɗinkin da Babu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gareji. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan? Mu dai sai godiya. Na ɗauko biro ne saboda wayarka ta zama kayan ado, kuma na san har yau kana mamakin abin da ya sa maigidanka ya janyo ka daga ƙarƙashin mota ranar Talata, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce ka gaida Mama a waya.

Ga abin da ya faru. Da hantsi wani ya kira ni, murya a natse, ya ce shi likita ne. Wai ka yi haɗari, jini na zuba, sai an sayi jini leda uku cikin minti ashirin, in tura kuɗi. Ya faɗi cikakken sunanka da na garejinku. A bayansa har da mai nishi, kuma tsakani da Allah nishin ya yi kama da naka in an tashe ka aike. Na kira lambarka sau biyar, a kashe. Ni da digirina biyu, ni da nake yi wa mutane wa'azi a kan 'yan damfara, sai ga ni tsaye a falo da takalmi ƙafa ɗaya, ina danna lambar asusun da ya ba ni. Kuɗin aikin idon Mama zan tura, kaf.

Mama tana zaune tana ninke wanki. Ta ce in miƙo mata likitan. Ka san shekara talatin ta yi tana aikin jinya a ɗakin tiyata, ba a taɓa ganin ta da gudu ba. Ta gaishe shi, ta yi masa sannu da ƙoƙari. Sannan ta ce jinin yaron B ne, ko? Ya ce ƙwarai, Hajiya. Ta ce to a kula da tsohon ɗinkin da ke gefen cikinsa na hagu. Ya ce yanzu ya gama duba shi, ɗinkin ya yi kyau.

Auta, jininka O ne, kuma ko ƙaya ba ta taɓa karce maka ciki ba.

Mama ta ce ya sallami mai nishin ya je ya sha ruwa, ya yi ƙoƙari. Mutumin ya harzuƙa, wai za ta kashe ɗanta da surutu. Ta ce, "Yaro, likitan gaske hannunsa na kan marar lafiya, ba ya kan waya." Ƙit, ya kashe.

Sai ta sa na kira maigidanka, da lambar da ta sa aka rubuta mata a bayan kalanda tun bara. Ba zan ɓoye maka ba, bayan ta ji muryarka, sai da ta ninke riga ɗaya har sau uku.

Kuɗin suna nan, aikin ido ranar Alhamis. Ka zo, kuma don Allah ka riƙa yi wa wayarka caji. In wani ya kira ka ya ce na yi haɗari, ka neme ni ta wata hanya kafin ka taɓa aljihu.

Mama tana gaishe ka. Ta ce da zarar an buɗe mata idon, takardun digirina za ta fara dubawa, ta ga ko na gaske ne.

Taka har kullum,
Yayarka mai takalmi ɗaya