Jirgin da Ammachi Ta Ƙi Shiga

Kainakari,
Lahadi, bayan an tashi daga coci.

Zuwa ga 'yata Rahel,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Kuriakose da jikokina, Ya kuma ƙara miki ƙarfin aikin jinya da kike yi a Kuwait. Mu nan ruwa ya janye daga tsakar gida, ya bar mana laka da sauro. Gwiwata tana nan yadda kika san ta. Kawunki Ittoop ya aurar da autarsa, an yi biki lafiya, ko da yake miyar kifin ta yi gishiri, na kuma faɗa masa. Na zaɓi in rubuto da hannuna ne, a ɗauki hoton takardar a turo miki yau, domin a waya mahaifiyarki, Ammachi, takan karɓe ta ce miki komai lafiya, alhali ba haka ba ne.

Kin san likita ya ɗora ta a kan wankin ƙoda sau biyu a mako a Alappuzha. Abin da aka ɓoye miki shi ne, gaɓar da muke bi zuwa inda jirgin haya yake tsayawa ta zabtare tun ambaliyar bana. Jirgin haya ba ya iya shigowa 'yar hanyar ruwan ƙofar gidanmu, kwalekwalen maƙwabta kuwa ba za ta iya tsugunawa a ciki ba. Samarin unguwa ne suke ɗaukar ta a kujera, suna ratsa laka har gwiwa. Na ga wannan ba abin dogaro ba ne, sai na yanke shawarar sayen jirgi na hannu.

Ban yi gaggawa ba, kin san halina. Na zaga da igiyar awo a aljihu, na ƙi jirage da yawa, har na sami wannan a wurin wani dillali kusa da Nedumudi. Yana da faɗi, ba shi da tsayi, saboda haka zai iya wucewa ta ƙarƙashin gadarmu. Abin da ya fi burge ni shi ne tsakiyarsa: fili ne shimfiɗaɗɗe, babu benci, daidai kwanciyar mutum. Ni da kaina na kwanta a ciki na gwada. Dillalin ya kau da kai, na ɗauka kunya ce. Na tambayi irin katakon, na tambayi shekarunsa, na tambaya ko yana yoyo. Abin da yake ɗauka a da ne kaɗai ban tambaya ba.

Na kira Velayudhan kafinta ya sake ɗinke katakan da sabuwar igiyar ɓawon kwakwa, domin babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Muka shafe shi da man kifi haɗe da man ɓawon kashu, ƙarnin ya tara mana kuliyoyin unguwa duka. Na sa ɗan inji, na sa rumfar tabarma, na shimfiɗa katifa da farin zane. Ranar da za mu fara tafiya Ammachi ta sauko matakalar bakin ruwa tana dafe da kafaɗata. Ta dubi ƙaramin gicciyen da aka sassaƙa a goshin jirgin, ta dubi zoben ƙarfe huɗu da ke kewaye da katifar, waɗanda na ɗauka na ɗaure buhunan shinkafa ne. Ta ce, “Baban Rahel, wa ya sayar maka da wannan?” Ashe jirgin cocin garinsu ne, Champakulam, wanda ake kai gawa maƙabarta da shi. Da zoben nan ake ɗaure akwatin gawa. A cikin jirgin nan ta zauna kusa da akwatin mahaifiyarta tun kafin a haife ki. Ta juya ta hau matakalar ita kaɗai, abin da ta daɗe ba ta iya ba.

Na yi duk abin da hankali ya nuna. Na cire zoben, na cike ramukan, na sauya fenti. Na zaunar da ita na yi mata bayani a tsanake cewa katako katako ne, ba ya tuna kowa. Ta ce ita ba ɗalibata ba ce, in ajiye darasina. Na ɗauko Fada, limamin cocinmu, ya yayyafa masa ruwan tsarki. Ta ba shi shayi da soyayyar ayaba, ta ce, “Fada, an gode da addu'a, tunda ya tsarkaka sai ka shiga ka sha iska.” Maƙwabcinmu Pappachan kuwa, duk safiya in ya gan ni ina kwashe ruwa, sai ya ɗaga murya daga tsallake: “Hedimasta, ka iya zaɓe! Jirgin da fasinjansa bai taɓa yin ƙorafi ba!” Da na yi masa magana a kan ladabi sai ya ce ai yabo ne.

Ina ganin da ta fara sassautawa, sai tsoho Kunjachan na unguwarmu ya rasu. 'Ya'yansa suka zo aron jirgin da sassafe, kansu a sunkuye. Kin san a ƙasarmu ba a hana gawa jirgi, ko maƙiyinka ne. Na miƙa musu igiyar. Suka naɗe katifar mahaifiyarki suka ajiye a gefe. Jirgin ya wuce ta gaban barandarmu a hankali, da baƙaƙen lemomi da ƙararrawa, ita kuma tana zaune tana kallo har ya sha kwana.

Yanzu an shiga girbin shinkafa, samarin da ke ɗaukar ta duk suna gona. Ranar Juma'a ba ta je asibiti ba. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta ya yi nauyi, kuma ke kin fi ni sanin ma'anar wannan. Na nemi wani jirgin, babu mai faɗi irinsa da zai wuce ta ƙarƙashin gadarmu. Jiya na ajiye duk wata hujja na roƙe ta kawai, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ta shafa hannuna ta ce, “Kada ka damu, Baban Rahel, kuɗinka ba za su tafi a banza ba. Zan shiga, sau ɗaya, kuma ranar ba sai ka lallashe ni ba.”

Rahel, na koyar da dubban yara, amma na kasa da mutum ɗaya. Maganarki kaɗai take ji. Ki nemi izini a wurin aiki ki zo, ki shiga jirgin nan gabanta, ki miƙa mata hannu. Ranar Talata ce wanki na gaba.

Ki gaishe min da Kuriakose, da jikokina Eliza da ƙaramin Mathen, ki ce masa ya gyara rubutunsa. Kawunki Ittoop da gwaggonki Sosamma suna gaishe ki. Ni dai kullum da safe ina sauka in kwashe ruwan da ya shiga, in cire kainuwa daga farfela, in mayar da katifar wurinta. Jirgin a shirye yake, 'yata. Wace tafiyar nake shirya shi dominta, ban sani ba.

Ni ne mahaifinki,
Appachan,
K. C. Kuruvilla.