Jan Hatimi da Asibitin Bakin Gada

Litinin, 3 ga Maris

Fayil goma sha ɗaya yau. Tara kore, biyu ja. Ƙuguna ya riƙe, kujerar ofis ɗin nan ta girme ni.

Wani sabon ɗan majalisa ya leƙo yana tambayar ma'anar hatiman da ke teburina, na sake karanto masa haddata. Ƙasashe huɗu ne a tarayyar nan. Uku ƙanana, kowacce da majalisarta mai kula da asibitocinta da makarantunta. Babbar Ƙasa ba ta da tata, a nan majalisar tarayya ake yi mata nata. Saboda haka duk ƙudurin da ya shigo sai ya bi ta hannuna. In na kowa ne, kore, kowa ya jefa ƙuri'a. In na Babbar Ƙasa ne ita kaɗai, ja, wakilan ƙananan ƙasashe su fita su zauna a bencin baranda har a gama. Ya ce, "Au, shi ke nan?" Shekara shida ina abu ɗaya, wai shi ke nan.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙudurin asibitoci ya iso. Za a rufe ƙananan sassan wankin ƙoda goma sha bakwai a Babbar Ƙasa, a haɗe su a manyan birane. Ina bin jerin da biro, a na goma sha huɗu na tsaya cak. Asibitin bakin gada. Inda Yaya ke kai Baba duk Litinin, Laraba da Juma'a.

Gidanmu yana tsallaken kogi, a ƙaramar ƙasa. Asibitin yana wannan gefen. Minti ashirin ne tsakani, har da cunkoson kan gada. In aka rufe, sai babban birnin ƙasarsu, awa huɗu zuwa, huɗu dawowa. Birnin da za a mayar da sashen ma ya fi nisa.

"Ƙasarsu" na rubuta, ba ƙasarmu ba. Na gani. Ba zan goge ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Tambaya biyu ce a takardar da nake cikewa kafin hatimi. Ta farko, dokar za ta yi aiki ne a cikin iyakar Babbar Ƙasa kawai? Ta biyu, ƙananan ƙasashe suna da ikon irin wannan abu a majalisunsu? In duka amsar e ce, ja.

Ni na tsara tambayoyin nan. Har yabo na sha a lokacin, wai na taƙaita rigimar shekara ashirin a layi biyu. Yau na karanta ƙudurin sau uku ina neman ko da ƙaramar kafa, ban samu ba. Ginin na nan gefe, likitocin na nan gefe. Marasa lafiyar ne kawai suke tsallako ruwa, su kuma takardata ba ta tambaye su ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gida. Na tarar da Baba a kujerarsa ta bakin taga, hannun da ake huda masa a naɗe da tawul. Ya rame, amma bakin yana nan. Yana ganina ya ce, "Uwata, kin zo duba talakawanki?"

Ashe labari ya riga ni. Ya ce su goma sha tara ne daga tsallake a ɗakin wankin, duk hankalinsu ya tashi, shi kuwa ya ce musu su kwantar da hankali. "Na ce 'yata na can ciki, takarda ba ta wucewa sai ta gani." Ya faɗa yana dariya, yana kallon Yaya. Na tashi wai zan duba ruwan zafi.

Yaya ya biyo ni kicin. Shi ba ya kwana-kwana. "In kika buga kore, Dogo zai samu ya yi magana?" Dogo shi ne wakilin yankinmu. Na ce zai samu, shi da sauran arba'in. Ya ce, "To buga mana." Na ce ba haka ake yi ba. Ya ce yaya ake yi? Na fara yi masa bayanin tambaya biyu, ya tsaya yana kallona kamar mai sauraron rediyon da ba ya kama tasha. Da na gama ya ce, "Ni dai ni ke tuƙi."

Talata, 11 ga Maris

Na yi kuskuren kawo maganar a gaban maigidana muna cin abinci. Shi ɗan Babbar Ƙasa ne gaba da baya, kuma bai manta ba. Kafin a yi ƙa'idar nan, ƙuri'un ƙananan ƙasashe ne suka rufe kwalejin garinsu, alhali tasu ba wanda ya isa ya taɓa. Ƙanwarsa na aji biyu a lokacin, ba ta ƙarasa ba. Ya ce, "Kin san ina son Baba. Amma ranar da aka yi mana, wa ya tsallako ya tambaye mu?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ce da na samu abin yin faɗa a kai, na huce. Na kwashe kwanuka.

Alhamis, 13 ga Maris

Na shiga wurin Kakakin majalisa na ce ranka ya daɗe, mahaifina na cikin masu zuwa ɗaya daga asibitocin nan, a ba wani fayil ɗin. Ya cire tabarau ya yi mini sannu, har ya tambayi shekarun Baba. Sannan ya ce ko wa aka ba, tambayoyin nan biyu zai amsa, kuma in aka ji na janye za a ce akwai lauje... ya dai katse, ya ce za a yi surutu. "Ke kika rubuta, wa zai fi ki sanin amsa?"

Ina fitowa na ci karo da Dogo a matakala. Ya san ni tun ina yarinya, shi ya koyar da Yaya a makaranta. Na zaci zai roƙe ni, har na shirya fuska. Bai roƙa ba. Cewa ya yi majalisarmu ta gida ta rubuta wasiƙa, an amsa mata cewa asibitin ba nata ba ne. Nan kuma za a ce ƙuri'ar ba tasa ba ce. "To 'yata, mutum goma sha tara nan na waye?" Ya gyara hularsa ya wuce.

Na gaji. Ba gajiyar da barci ke magani ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na buga. Ja.

Alhamis, 20 ga Maris

An yi ƙuri'a bayan azahar. Da aka kaɗa ƙararrawa, mai tsaron ƙofa ya ɗaga takardar da hatimina a kai, yadda aka saba, su arba'in da ɗaya suka miƙe suka fita. Sau nawa na ga wannan? Ban taɓa bin su da kallo ba sai yau. Bencin bai ishe su ba, wasu a tsaye, wasu suna danna waya. Dogo ya zauna a ƙarshe, takardar jawabinsa a naɗe a hannu. Ban san me ya sa ya rubuta ta ba tunda ya sani.

Ƙudurin ya wuce da ratar ƙuri'a tara. Wata uku aka ba asibitocin.

A ofis aka ce mini aiki ya yi kyau, ba wanda ya ƙalubalanci hatimin.

Asabar, 22 ga Maris

Yaya bai ɗauki wayata ba, sau huɗu. Baba ne ya kira da kansa. Na fara sheshsheƙa tun kafin ya yi magana, ya ce kai, kai, wa ya mutu? Sannan ya ce, "Uwata, abu ɗaya zan tambaye ki. Aikinki kika yi daidai?" Na ce e, Baba. Ya ce, "To madalla." Sai ya ce shi abin da ya dame shi kawai, bai san da wane ido zai kalli 'yan ɗakinsu ranar Litinin ba.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 13 ga Mayu

Fayil takwas. Shida kore, biyu ja. Ban da abin rubutawa.

Litinin, 30 ga Yuni

Yau Yaya da Baba suka fara zuwa birni. Sun fita da asuba, sun dawo bayan magariba. Matar Yaya ta ce ɗauko Baba aka yi daga mota, ko ruwa bai iya sha ba. Jibi kuma haka. Gata ya huta, citta kuma haka. Maigidana ya ce zai riƙa karɓar tuƙin Juma'a, bai kalle ni ba da ya faɗa, ni ma ban kalle shi ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Su Baba suna hanya yanzu.

Fayil biyar yau, huɗu sun tafi. Na biyar na makarantun kurame ne na Babbar Ƙasa, za a haɗe wasu. Tambaya ta farko e, ta biyu e. Aikin minti biyu. Sai dai ɗaya daga cikinsu na ga tana can arewa, kusa da iyakar wata ƙaramar ƙasar, ba ma tamu ba. Na buga musu waya, don dai in sani. Na kuma ɗan ja layi da fensir a ƙasan takardar na rubuta: su wa ke zuwa, kuma wa zai yi magana a madadinsu? Ba wani abu ba ne, fensir ne. Ƙa'ida tana nan yadda take, ban ce ba ta da kyau ba.

Kakaki ya aiko sau biyu a karɓi fayil ɗin. Na ce ina jiran amsa daga makarantar.

Tun ƙarfe goma suka ba ni amsar. Yara talatin da shida ne ke zuwa daga tsallaken iyaka.