Jikan Lalla a Bayana

Tawa, Agusta 1984

Zuwa ga Yaya Mariama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da mai gida da yara, ya kuma kare ku da zafin Arlit. Inna ta ji sauƙin ƙafarta. Ruwan sama dai shiru, geron Baba na gonar Kalfu ya bushe tun bai kai gwiwa ba.

Da aka ba mu hutun lakwal, aka rufe makaranta, na ga zama ba nawa ba ne. Matan unguwa kan wuni a layin dawar taimako, sojoji na tsare da su cikin rana, goyo na kuka a baya. Sai na share gindin itacen bedin ƙofar gidanmu, na shimfiɗa tabarmi, na ce a kawo mini yara in yi raino. Wadda ta dawo sai ta ɗibar mini kaɗan cikin abin da ta samo. Da shi muke ɗora tukunya, Yaya.

Kin san Lalla maƙwabciyarmu, mai idon da ba ya son ganin hayaƙi a gidan wani. Jikanta Alƙasum, wanda uwarsa ta rasu bara, yana cikin yaran da nake raino. Da zawo ya kama shi, sai ta tara mata ta ce ni mayya ce, na kama kurwarsa. Ta shimfiɗe shi ƙasa a gaban kowa, ta ce in tsallake shi in sake shi. In da na ɗaga ƙafa, na amsa laifin maita ke nan, kuma tunda an ce a nono ake shan maita, da ke da Inna da 'yarki duk kun shiga. Ranar aka kwashe yaran duka, Inna ta kwana kuka. Ni kuwa ban tsallake ba. Na sunkuce shi na goya, na ruga asibiti, Lalla na bina tana zagi.

Sati guda ina jinyarsa, ina ɗura masa ruwan gishiri da sukari, har ya tashi. Matan suka dawo da yaransu ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Lalla dai har yau ba ta buɗe baki ta ce ta yi ƙarya ba. Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, zuciyata tafasa take.

Da yunwa ta mayar da Lalla layi, ba ta da inda za ta aje yaron sai wurina. Na karɓe shi hannu biyu, don shi bai yi mini komai ba. Yanzu Alƙasum ba ya cin tuwo sai daga hannuna, ba ya barci sai a bayana, ni yake kira Inna. Kullum da la'asar, lokacin da mata suka cika gindin bedi, Lalla kan zo ɗaukarsa, shi kuwa ya ƙanƙame wuyana yana tsala ihu. Sai ta durƙusa, da furfurarta, tana roƙon mayya ta lallaso mata jikanta. Ni kuma ba na gaggawar kwance majanyi. Sai na tabbata kowa ya gani.

Ki gaishe mini da mai gidanki Yaya Attahir, ki shafa mini kan 'yarki Fatimata. Inna na gaishe ku. In akwai mai zuwa, ki aiko mini da majanyi mai ƙarfi, yaron ya fara nauyi.

Taki ƙanwa,
Zaliha