Kujerar Kusa da Bappa

Unguwar Yakasai, Birnin Kano
18 ga Maris, 2012

Zuwa ga Yayana Ƙasimu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Habiba da yara, Ya kuma sa sanyin Kanada ya fara sassauta muku. Mu muna nan yadda Allah Ya ajiye mu. Mai ɗakina, ƙanwarka Zaituna, ta shiga watan haihuwa, ƙafafunta sun kumbura, amma bakinta lafiya lau, ni ne shaida. Mahaifiyarka Nana tana fama da jinyar mahaifinka Bappa da baƙi 'yan dubiya. Makarantar da nake koyarwa ta koma aiki, sai dai har yanzu rabin iyaye ba su sako 'ya'yansu ba. Garin kuwa tun Juma'ar nan ta watan Janairu da bama-bamai suka tashi bai dawo hayyacinsa ba. Ana idar da sallar magariba kowa zai ja ƙofarsa, kuma ko tayar mota ce ta fashe sai kasuwa ta watse.

Sau uku muna magana a waya tun dawowarmu, kuma duk ukun abu ɗaya na gaya maka, cewa sugan Bappa ya faɗi a cikin jirgi, shi ya sa muka juyo daga Alƙahira ba mu ƙarasa Indiya ba. Ba ƙarya na yi ba, amma ko rabin maganar ban faɗa ba. Idan na ji muryarka sai harshena ya yi nauyi, shi ya sa na zauna na rubuto. Kai dai ka yi naka. Ka samo asibitin da zai buɗe jijiyoyin ƙafarsa da ciwon suga ya toshe, ka yanki tikiti biyu a ɓangaren gaba na jirgi da ake ce wa bizines don ya samu ya miƙe ƙafar, ka kuma turo takarda mai shafi biyu ta lokutan allura da magani. Autanku Audu ne zai raka shi. To, fasfonsa yana ofis ana sabunta shi ranar da bama-baman suka tashi, kuma ofishin yana cikin wuraren da aka kai wa harin. Da aka duba dangi kaf, ni kaɗai ke da fasfo mai rai, albarkacin umarar da na yi bara waccan. Kowa ya ce ai shi ke nan, Isyaku ɗan gida ne.

Ɗan gida ne kam. Bappa ƙanin mahaifina ne, a gabansa na tashi, sauran tuwonsa ni da kai muke wawa a kansa muna yara. Amma tun ranar da ya ba ni Zaituna, shekara goma sha ɗaya ke nan, ya zama surukina. Tun daga ranar bai ƙara kai loma baki a gabana ba, ni ma ban ƙara ba. Ko ruwa zai sha sai na fita. Kowa a gidan ya san haka, kamar yadda ya san inda randa take, amma babu wanda ya tuna da shi ranar da ake neman mai fasfo. Kai kana lissafin awoyi da milgiram, mu muna lissafin shingen sojoji, kunyar suruki ba ta zo wa kowa a rai ba.

Ranar tafiya ya sha kokonsa da ƙosai a ɗakinsa da sassafe, ya yi allurar safe, muka fito da motoci biyu. Daga Ƙofar Ruwa zuwa filin jirgi shinge biyar na ƙirga. A kowanne sai an sauko an buɗe but, masu babura kuma suna turawa da ƙafa har su wuce buhunan yashi. A ƙofar farko ta filin aka tsayar da 'yan rakiya, aka ce mai tikiti kaɗai zai shiga. A nan bakin titi Nana ta miƙo mini fulas ɗin fura da nono da ta dama masa ba suga, ta ce in ba shi idan ya keɓe. Ko addu'ar sallama ba a ƙarasa ba wani soja ya buga bayan motarsu da tafin hannu, suka ja. A wurin na'urar bincike aka karɓe fulas ɗin, wai ba a shiga da abu mai ruwa. Na yi magiya, na nuna takardar likita, suka bar mana allurai suka riƙe furar. Na'urar gwajin suga kuwa da hannuna na sa ta cikin babban akwatin da aka wuce da shi ƙasan jirgi, saboda ina tsoron kada a ce wani abu ce.

Daga nan aka tura Bappa a keken marasa lafiya zuwa falon masu irin tikitinmu. Sanyi, kujeru masu laushi, ga abinci an jera a kan dogon tebur kowa ya ɗiba da kansa. Jirgin da aka ce sha biyu bai tashi ba sai ƙarfe uku. Awa biyar muka yi a falon nan, shi yana jan carbi yana kallon bango, ni ina kallon takalmana, ƙamshin soyayyen kaza yana yawo a tsakaninmu. Da azahar na ce zan je alwala, na daɗe da gangan, bayan na roƙi wani ma'aikaci ya kai masa faranti. Na dawo na tarar da farantin a gefe yadda aka kawo shi. Ya ce wurin ya cika ido, zai ci a jirgi.

Yaya, ban taɓa ganin wuri irin gaban jirgin nan ba. Kujera ce mai faɗin rabin gado, idan ka danna maɓalli sai ta kwanta da kai. Ma'aikaciyar jirgin ta durƙusa a gaban Bappa ta kira shi da sunansa na yanka, sunan da ni ban taɓa furtawa ba, ta miƙa masa tawul mai zafi da bargo. Kujerunmu a manne suke, ɗan katako ne kawai a tsakani. Kuma abin da ke cin raina har yau shi ne kujeru sun fi takwas babu kowa a kansu, don mutane ba sa shigowa Kano yanzu balle su fita. Da na ce a mayar da ni can baya da shi ke nan. Na yi tunanin haka, wallahi na yi. Sai na ga kamar zan nuna wa baƙi cewa ina gudun tsohona, ita ma ma'aikaciyar tana ta yaba yadda nake kula da shi, sai na ɗaura bel na zauna.

Da aka fara kawo abinci, aka shimfiɗa mana farin ƙyalle, aka jera kwanoni, sai na ce zan zaga. Na je na tsaya kusa da labulen da ke gaban banɗaki, na yi minti ashirin ina karanta takardar da ke manne a bango. Da na dawo na ga ya rufe tirensa da ƙyallen, yana shafa gemu. Na sunkuya na tambaye shi ko ya samu ya taɓa wani abu. Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Ƙyallen nan yana gabana, tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba. Ka gaya mini, da wane hannu zan ɗaga shi in duba, bayan dattijo ya ce ya ci? Daga baya ma'aikaciyar ta shaida mini ko cokali bai taɓa ba. Ɓangaren ƙarami ne, kuma daga inda yake zaune ashe hulata yake hangowa.

Ka san ni da bin takarda, malamin makaranta ne ni har a cikin jirgi. Takardarka ta ce ƙarfe shida agogon Kano, allurar yamma bayan cin abinci. Shida na yi na murɗa allurar zuwa lambar da ka rubuta, na miƙa masa, na kau da kai. Ya san bai ci ba, ya kuma san abin da allurar take yi wa wanda bai ci ba, don shekara tara yana yin ta. Amma ya riga ya ce mini ya ƙoshi. Ya karɓa ya ɗaga rigarsa ya yi.

Bayan kamar awa ɗaya na ji carbinsa ya faɗi. Na juya na ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana magana da Fillanci, yana kiran sunayen shanun da aka sayar tun kafin a haife mu. Na kira shi bai san ni ba. Aka yi shela ko akwai likita, wata Bamisriya ta taso daga baya, aka kwantar da kujerar, ta shafa masa zuma a dasashi, ta yi masa wata allura daga akwatin jirgin. Ta tambaye ni yaushe rabonsa da abinci, na ce ɗazu ya ci. Ma'aikaciyar ta ce bai ci ba. Likitar ta kalle ni, ni kuma ban san da wane yare zan yi mata bayani ba. Ina tsaye riƙe da takalminsa har jirgin ya sauka.

Kwana biyar muka yi a asibiti a Alƙahira. Ya farfaɗo a daren farko, amma hannunsa na dama ya saki, ba ya iya riƙe cokali. Babu Nana, babu Audu, babu kowa sai ni, ma'aikatan kuma ba sa jin Hausa. Ni na riƙa ba shi abinci a baki. Yakan rufe ido kafin ya buɗe baki, kuma ba ya buɗe idon sai na fita da kwanon. Ni na riƙa kama shi zuwa banɗaki, ranar da ba mu kai ba kuma ni na gyara shi na canja masa wando. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Likitocin can sun ce idan ya ƙara mako guda zai iya ci gaba zuwa Indiya. Wannan shi ne abin da na ɓoye maka. Ba su suka ce mu dawo ba, shi ya ce, kuma da fuskarsa a bango ya faɗa. A hanyar dawowa ya kwantar da kujerar ya ja bargo har kansa, bai yaye ba sai da tayoyi suka taɓa Kano.

Yau kwana goma sha tara da dawowarmu. Baƙin da ke kan babban yatsan ƙafarsa ya ci yatsu uku, ya fara hawa bayan ƙafar. Likitan da ke zuwa duba shi ya ce idan ba a fita da shi ƙasar waje cikin mako biyu ba, sai yankewa daga ƙasan gwiwa, idan aka ƙi wannan kuma to sai abin da Allah Ya yi. Bappa ya ce ba za a yanke ba, yadda ya zo haka zai koma. Kawu Mailafiya ya zo ya yi masa faɗa irin na tsara, ya ce tsoron jirgi yake ji. Ba tsoron jirgi ba ne. Bappa ya gaya wa Nana cewa ko gobe zai tafi idan da ɗan cikinsa ne, amma ba zai ƙara tafiya da mijin 'yarsa ba. Audu yana zarya kullum, an ce ya fara neman fasfo daga farko, kuma ba wanda ya ba shi rana. Nana ba ta da fasfo, ko tana da shi ba za ta iya ɗaga shi ba. Saboda haka kada ka sake yankar tikiti da sunana kamar yadda ka ce za ka yi.

Na san halin da kake ciki. Na san idan ka fito kafin takardun zamanka su fito ba lallai su bar ka ka koma wurin Habiba da yara ba. Ba zan ce ka zo ba, ba kuma zan iya cewa kada ka zo ba. Na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga inda zan kama ta ba, kuma ina jin tsoro, Yaya. Kullum da safe kafin makaranta nakan je in durƙusa a bayan labulen ɗakinsa in gaishe shi. Yana amsawa, har ya tambayi jikin Zaituna, amma bai taɓa cewa in shigo ba. Tun shekaranjiya daga tsakar gida ake jin warin ƙafar, duk da turaren da Nana take sawa.

Jiya da la'asar Nana ta biyo ni zaure da saƙonsa. Ta ce ya ce in kwantar da hankalina, ba ni da laifin komai, ya yafe mini duniya da lahira, kuma Allah Ya yi mini albarka a kan abin da na yi masa a ƙasar mutane. Sai ta gyara mayafi. Ta ce alfarma ɗaya yake nema a wurina. Idan ta Allah ta kasance, kada in shiga cikin masu yi masa wanka. Na ce mata na ji, na kuma yarda.

Ka gaishe mini da Habiba da kyau, ka shafa mini kan Indo da ƙaninta. Nana tana gaishe ku, haka Goggo 'Yardada da Kawu Mailafiya da Audu. Zaituna ta ce in gaya maka tana addu'a ta sauka da wuri, ko Bappa ya samu ya yi wa jaririn huɗuba da bakinsa. Duk abin da ka yanke, ka kira ni da rana, ina makaranta, don kada ta ji.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya zaunar mana da garinmu, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Isyaku